Wasiƙa daga Garwa: Na shiga Cadi a kan keke, na dawo ina jin kunyar ƙofofinmu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga Garwa nan arewacin Kamaru, a waya nake karantawa dan ta takarda bata isowa wajenmu, kuma na daɗe ina so in rubuto sai yau Allah ya nufa.

Duk sanda sunan Cadi ya fito a jarida, taku ko ta wasu, to ko yaƙi ne ko ambaliya ko an sace mutane. Ban ce ƙarya ake ba, duk suna faruwa. Amma akwai abin da nake so masu karatu su ji, musamman mu Hausawa da bakinmu baya gajiya da cewa baƙonka Annabinka, dan ni na ratsa kudancin ƙasar nan a kan keke har Njamena na dawo, kuma mutanen da suka riƙe ni a hanya ba danginmu bane, yawancinsu ma ba addininmu ɗaya ba, wasunsu su ne waɗanda muke zaune a majalisa muna kiransu da sunayen da ba zan rubuta a nan ba.

Ni tela ne, ƙanwata tana aure a Njamena. Kekena Phoenix ne irin na da mai kariya a baya, ba mai giya ba, tun ina saurayi nake hawansa kuma ban taɓa jin nisa a kansa ba. Da hunturun da ya biyo bayan ambaliyar 2024 na ce zan je in gano ta a kai, 'yan majalisarmu suka yi ta min dariya, wani yace ashe hauka baya tashi sai an tsufa, wani yace zargina, wato 'yan fashin hanya, za su yi kalaci da kai. Maganar takardu ba wuya, tun 2017 aka cire biza tsakanin ƙasashe 6 na CEMAC, ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi suke ciki, kuma sefar da ke aljihuna ita ce dai ake kashewa a can. Na bi ta Pitowa na wuce Figil na tsallaka iyaka na faɗa Lere, garin ƙabilar Mundang mai tafkin nan da ake samun ayu a ciki. Daga nan Pala, Kelo, Bongor, Gelendeng, sai Njamena. Hanyar Kuseri zuwa Waza da Mora kuwa ko a mafarki ban saka ta a lissafi ba, kowa ya san dalili, rashin tsaro.

Tsakanin Lere da Pala abin ya same ni. La'asar sakaliya, hanya jar ƙasa ga gargada, na faɗa wani rami da yashi ya lulluɓe sai ji nai ƙas ƙas a baya, sifok sun tsittsinke ƙafar baya ta karkace, ko turawa bata yi sai na ɗaga bayan keken da hannu. Ba gida kusa, gonakin auduga ne kawai an cire an tara ta fari fat a gefe. Ina tsaye ina salati sai ga wani dattijo a kan nasa keken da ɗan buhun dawa a baya, da kuros na katako rataye a wuyansa. Yai min yarensu ban ji ba, nai masa Hausa bai ji ba, sai muka haɗu a Fulatanci dan yana tafiya sosai a wannan yankin. Ya duba ƙafar keken ya girgiza kai yace nan ba wajen da mutum zai kai magariba bane. Ya kwance kayana ya ɗaure a kan nasa muka kama turawa.

To ga wajen da nake so a lura. Bai kai ni gidansa kai tsaye ba, wajen mai garinsu ya fara kai ni. Mai gari ya haska katina da tocilan ya juya shi gaba da baya, daga ina, zuwa ina, wa ka sani a Pala, me ke cikin jakar nan, na zazzage masa komai har almakashi da zare. Sai daga baya dattijon yake gaya min ai masu satar mutane dan kuɗin fansa sun addabi yankin, kuma kafin su shigo gari sukan turo wani ya zo a matsayin baƙo ya gano wa ya sayar da shanu wa ya karɓi kuɗin auduga. Wallahi ban ji haushi ba, ko ni ne haka zan yi. Mai gari ya kalli dattijon yace baƙonka ne, in wani abu ya faru cikin daren nan kai za a tambaya. Dattijo yace ya ji ya ɗauka. Mutumin da ko sunan ubana bai sani ba ya tsaya min a gaban mai garinsa.

Gidan ɗakunan laka ne da rumbuna manya irin nasu. Akwai tukunyar bilbil, burkutunsu kenan, a gefe, ina shiga uwargidan ta ja ta bayan rumbu ta kife mata ƙwarya, ba wanda ya ce mata komai. Dattijo ya sa yara suka kamo kaza, ya miƙo min wuƙa yace Malam yanka da kanka kai ka san abin da kuke faɗa. Ita kuma ta ɗauko tukunya ta zauna inda zan gan ta ta dirje ta da toka da yashi ta ɗauraye ta sake dirjewa, na gane so take hankalina ya kwanta, nace Inna ya isa haka, tai dariya ta ci gaba da abinta. Aka kawo min ruwa a ƙwarya nai alwala, ya shimfiɗa min wankakken buhu ya nuna min gabas da hannu, ya kori yaran da suka taru suna kallo. Tuwon jar dawa muka ci da miyar busasshiyar kuɓewa da kazar nan, duk tsokar kirki gabana yake turo ta.

Da asuba ina idar da salla na ji ƙwas ƙwas a tsakar gida. Na fito na tarar ya cire ƙafar bayan kekensa ya ɗora a cinya yana kwance sifok ɗaya bayan ɗaya da wata tsohuwar filaya yana sa wa nawa. Nace Baba dan Allah kar ka yi haka, kai da me za ka hau? Yace ranar kasuwa ta kusa zai aika a sayo masa, shi tafiyarsa gona ce kawai, ni kuwa Njamena ba nan kusa bace. Malam Edita duk wanda ya san ƙauye ya san matsayin keke a gida irin wannan, shi ne ke kai hatsi injin niƙa, shi ne ke kai mara lafiya asibiti. Na ciro kuɗi yace in ya karɓa ya zama mai otal kenan. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, da ya ji ni tela ne ya bari na zauna da allura da zare na ɗinke rigunan makarantar yaran da suka yayyage da wani zanen uwargida na zuwa coci. Sai da rana ta ɗaga na bar garin.

Bayan Kelo ka nufi Bongor nan na ga abin da ruwa yai. Shatin ruwa na nan a jikin bangaye, ɗakuna sun zube, rumbuna sun zama tsibin laka. Ambaliyar shekarar ta shafi kusan mutum miliyan 2 a Cadi, sama da 500 suka rasu, mu ma nan Kamaru garin Yagwa ya sha da ƙyar. A cikin wannan hali zazzaɓi ya kwantar da ni a gindin wata bishiya kusa da wani ƙauyen ƙabilar Masa. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta gan ni, ita kam ba Fulatanci ba Larabci ba Faransanci, da hannu muka yi magana, ta taɓa goshina ta tafi ta dawo da wani saurayi a kan babur. Shi ya kai ni wani ƙaramin asibiti aka gwada jini aka ce maleriya ce, ya zauna har aka gama ƙarin ruwa ya mai da ni. A rumfar da suka kafa da leda da zana na kwanta dan ɗakinsu ruwa ya ci, kuma kullum sai ta dama min kunu da tsamiya ta kawo da ɗan busasshen kifi, na tabbata daga bakin jikokinta aka rage. Kekena na tarar an jingine shi an lulluɓe da tabarma, ko igiyar da na ɗaure kaya ba a kwance ba.

Sauran ba sai na ja ba. Larabawa makiyaya wajen Gelendeng da suka tsai da ni dole sai na sha shayi da madara. Direban wata tirela cikin masu ɗauko kaya daga Ngaundere ta Mundu, ya rage gudu yaron motarsa ya miƙo min burodi da gorar ruwa ta taga ko tsayawa basu yi ba. Mai kwale-kwalen da ya tsallakar da ni kogin Logon daga Bongor a hanyar dawowa ya karɓi kuɗina yace na keke ya bar min, lokacin ba a buɗe gadar nan mai mita 620 ba sai a watan Afrilun 2025. Kar kuma a ce na ce duk mala'iku ne, a'a, akwai shingayen da masu kaki suka tsare ni ana juya katina ana neman na shayi, akwai mai shagon da ya ninka min kuɗin sholisho dan ya ga ba ni da zaɓi. Amma in aka ɗora a sikeli waɗannan basu kai komai ba.

Na yi ta tunanin me ya sa haka, kuma a ganina keken yana da hannu a ciki. Mai mota gilas ya rufe shi, kafin ka gane fuskarsa ya bar ka da ƙura. Mai keke kuwa guminsa a fili yake, ƙishirwarsa a leɓensa take, gudunsa bai hana a yi masa sallama ya amsa ba, kuma dole ya tsaya a kowace rijiya. Kowa ya gan shi ya san ba shi da abin da zai cuci wani da shi kuma yana da buƙata. Shekarun baya kafin tsaro ya lalace Turawa masu yawon duniya a keke sukan ratso ta nan Garwa, wasu su nufi Rumsiki wasu su gangara Ngaundere, kayansu rataye gaba da baya fuska ta yi jawur, kuma duk wanda ka zanta da shi abin da zai fara faɗa kenan, mutane sun ba shi ruwa sun ba shi wajen kwana. Sai dai a nan ina da ƙorafi a kanmu. Bature in ya tsaya a ƙofar gida rige-rigen karɓarsa ake har da ɗaukar hoto, amma baƙar fata ɗan uwanka ya zo da ƙura a ƙafa da ƙullin kaya sai a fara kallonsa a kaikaice ana janye yara. Ni da fatar talaka na yi tafiyar nan, ba wanda ya yi tsammanin zan aiko masa da wani abu daga Turai, shi ya sa nake ganin abin da aka yi min ya fi nauyi.

Yanzu bari in zo kanmu. Mu fa jikokin matafiya ne. Duk inda ka ji an ce zango daga nan har Gwanja to Bahaushe ne ya sauka wani ya ba shi wuri. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa Makka, su ratsa Fort-Lamy, sunan Njamena kenan kafin 1973, su bi ta Abeshe su shiga Jinaina da Fashir har bakin Bahar Maliya, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago suna gaba. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru haka suka yi ta kwarara gabas, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Kakana na wajen uwa yana cikin masu tafiyar ƙafa, kuma labarinsa kullum na gidajen da ya kwana ne da tuwon da ya ci na mutanen da bai san yarensu ba. Tuwon wasu ne ya kai kakanninmu Ɗakin Allah. Yau ma in ka duba gabashin Cadi wajen Adre, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 dubban ɗaruruwan mutane ne suka tsallako, ƙasar da ita kanta bata ƙoshi ba take ɗauke da su.

Mu kuma fa? Ina yaro a unguwarmu kowane gidan kirki yana da zaure, da tabarma a naɗe a lungu, da randa a ƙofar gida da moɗa a kai, in an sauke tuwon dare akwai kwanon da ake fitarwa ba a san mai ci ba. Baƙo ya sauka a tasha da dare masallaci zai nufa, bayan isha liman ya tambaya akwai baƙo? wani ya tashi ya tafi da shi. Yanzu zaurukan an fasa an mai da su shaguna, sabbin gidaje kuwa get ne na ƙarfe da katanga an jera mata fasassun kwalabe, masallaci ana sallame isha ladan na karkaɗa makulli. Kwanaki da idona na ga wani bawan Allah da ya taso daga wajen Tubboro zai je asibiti da yaronsa, dare ya yi musu, a barandar wani shago suka kwana cikin sanyin nan, ga gidaje manya manya kewaye da su kowa ya ja get. Ni ma sai da safe na gan su da na zo buɗe shago.

Na san amsar da za a ba ni, tsaro. Kuma gaskiya ne ba wasa ba. Tun da aka sace Faransawan nan su 7 'yan gida ɗaya wajen Dabanga a Fabrairun 2013 abubuwa suka canza, sai ga bama-baman Njamena a Yunin 2015, sai na Marwa a Yulin shekarar, hukuma ta ce a riƙa kai rahoton baƙuwar fuska, mutane suka tsorata kuma suna da hujja. Ban ce kowa ya buɗe ɗakin matarsa ga wanda bai sani ba. Abin da nake cewa shi ne ƙauyen Mundang ɗin nan sun fi mu zama cikin haɗari, ba jandarma kusa ba wutar lantarki ba katanga, masu satar mutane a bayan gonakinsu suke, amma basu ce tunda haka ne baƙo ya mutu a hanya ba. Sun yi wa abin tsari ne, a kai shi gaban mai gari, a duba takardarsa, a zazzage jakarsa, wani ya tsaya masa, sannan a ba shi tuwo. Mu sai muka ɗauki rabin farko na bincike da zargi muka yar da rabin tuwon. Kuma mu ne muke karanta aya ta 60 a Suratut Tauba inda aka lissafa matafiyi cikin mutum 8 da zakka ta halatta gare su, mu ne muke jin hadisin wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa duk shekara a wajen tafsiri muna gyaɗa kai.

Wani abokina da muka yi musun nan yace ai yanzu akwai masaukai na kuɗi ko'ina, zamani ya wuce zaure. Nace masa wanda ke da jaka 5 na ɗaki ai ba shi muke magana ba. Mai zuwa jinya, ɗalibi, mai neman aikin gini, wanda aka yanke wa aljihu a tasha, su ne ke kwana a baranda.

Shawarar da na kai wa kwamitin masallacinmu ba wata babba bace. Akwai ɗan ɗakin da ake jibge tsofaffin tabarmi da lasifikar da ta mutu, nace a share shi a sa masa ƙofa ta waje wadda bata shiga cikin masallaci, a ajiye littafi guda, duk baƙon da dare ya yi wa a rubuta sunansa da lambar katinsa a sanar da mai unguwa, kwana 3 iyaka sai in jinya ce, tuwon dare kuma gidaje su riƙa karɓa bi da bi, kuma kar a tambayi mutum addininsa kafin a ba shi tabarma. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo surutu, wani dattijo har ya tashi tsaye, sai da na ba su labarin wuƙar da aka miƙo min da tukunyar da aka dirje da toka sannan ya zauna, ban ce ya yarda ba amma dai ya zauna. Randa kam ban jira kowa ba na saya na girke a ƙofar shagona, masu babur da 'yan makaranta ne suka fi sha, moɗa kuma sai da na ɗaure ta da sarƙar keke.

Liman yace shi ba shi da ja amma sai an ji ta bakin lawan da hukuma tukuna, to muna nan muna jira. Shi ya sa nake roƙo Malam Edita a buga wannan wasiƙa, in akwai wani masallaci ko wata unguwa a Marwa ko Ngaundere ko Kuseri ko Njamena, ko ma can Yola da Mubi, da suka riga suka yi irin wannan, dan Allah su rubuto ta jaridar nan su gaya mana yadda suka yi da maganar rajista da wanda ke riƙe makulli da kuma mata matafiya, dan nan ne kwamitinmu ya cije.

Na gode, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.